Na'ibin Ladan a Ramin Lamba Huɗu

Malam Sha'aban ya shafe fiye da rabin rayuwarsa yana jiran muryar Malam Zuberu ta dushe. Ba da mugun nufi ba. Malam Zuberu shi ne ladanin ƙaramin masallacin da ke bayan masu sayar da tabarmi a unguwar Alabar, Sha'aban kuwa na'ibinsa, kuma aikin na'ibin ladan shi ne ya cika butoci, ya kaɗe shimfiɗu, ya tsaya kusa da lasifika ko Allah zai sa ladan ya tashi da mura. Malam Zuberu mutum ne mai tattalin lafiyarsa. Ba ya shan ruwan sanyi, ba ya kwana ƙarƙashin fanka, kullum da citta a aljihunsa. A shekara bai fi ya yi mura sau ɗaya ba, ita ma ba ta daɗewa.

A nan Zongon Kumasi aka haifi Sha'aban. Mahaifinsa ya biyo shanu daga ƙasar Tawa ta Nijar, aka sayar da shanun, shi ya zauna. Bai bar wa ɗansa gida ko fili ba, sai murya. Da ita Sha'aban ya ci abinci tun yana saurayi. Ya yi yaron mota a trotro, motocin hayar da ke bi tsakanin Kejetia da Magazin, unguwar makanikai ta Suame, kuma direbobi sun shaida cewa idan ya buɗe baki ya ce "Magazin, Magazin," har wanda ba shi da abin yi a Magazin yakan shiga mota. Da gwiwarsa ta gaji da rataya a ƙofa sai ya koma sanarwar rasuwa da ɗaurin aure a unguwa, har wayar hannu ta zo ta karɓe wannan ma. Daga nan gidan ya dogara da kokon da matarsa Mamuna ke sayarwa da safe.

Wata ranar Laraba, a shekarar da ruwa ya yi yawa, Malam Zuberu ya yi murarsa ta shekara, Sha'aban ya kira la'asar. Wani matashi Batone, ɗan ƙabilar masu garin, mai suna Mista Adusei yana tsallaken titi yana cinikin farin yadi. Ya ji kiran har ƙarshe, ya biya mai yadi ba tare da ya nemi ragi ba, ya tsaya a ƙofar masallaci har aka sallame.

"Papa," ya ce, da irin Hausar da ake koya a bakin shagunan Magazin, wadda ba ta raba mace da namiji, "wannan muryanka, yana shiga har cikin ciki. Ina so shi."

"Ba ta sayarwa ba ce, ɗana."

"Ba saye ba. Haya. Ranar Asabar kawai."

Abin da Mista Adusei ke riƙe da shi wani tsohon ramin zinari ne da mutanen Zongo ke kira Lamba Huɗu, a jikin wani dutse kudu da Kumasi. Turawa ne suka haƙa shi, da hannuwan wasu. Yawancin hannuwan daga arewa suka zo: Zabarmawa, Mosawa, Hausawa, Dagomba. An rufe shi tun da daɗewa, jemagu suka gaje shi, har wani kamfanin yawon buɗe ido ya karɓi wurin, ya share, ya jera ƙwayayen lantarki a bango, ya sayo hulunan kwano masu ruwan ɗorawa, ya kafa tsohon keken tura duwatsu a ƙofa domin masu ɗaukar hoto. 'Yan makaranta na zuwa, obroni, wato Turawa, na zuwa, har da baƙaƙen fata daga ƙetare masu neman inda kakanninsu suka sha wuya. Amma Mista Adusei ya yi karatu a wata ƙasa mai sanyi, inda ya ga cewa a ƙarshen Oktoba, lokacin da ganye ke zuba, mutane masu hankali kan biya kuɗi a tsorata su. A nan ganye ba ya zuba a Oktoba, ruwa ne ke zuba. Ya ce wannan ba matsala ba ce. Yana da rami, yana da duhu, ya sayi farin yadi. Fatalwa kawai ta rage.

Sha'aban ya kwana biyu yana juya maganar. Ya ga cewa duk wanda ya yanki tikiti ya san mutum ne a cikin yadin, don haka ba a yaudari kowa ba. Ya ga kuma cewa koko kaɗai ba ya riƙe gida. Bai tambayi liman ba, domin ya san halin malamai, in ka tambaye su sai su ba ka amsa.

Aikin ba shi da wuya. Ana shafe masa fuska da hannuwa da farar ƙasa, a naɗe shi da yadin, a ƙulle a ka yadda ake ƙulle likkafani. Sai ya riga baƙi shiga, ya wuce sarƙar da aka gitta a inda hanyarsu ta ƙare, ya bi wani siririn gefe jikin bangon hagu, ya kewaye tsohuwar rijiyar da ta gangara zuwa ƙasan ramin, wadda aka rufe bakinta da katakai tun zamanin Turawa, ya laɓe a wani lungu. Mista Adusei zai kawo baƙi har bakin sarƙa, ya ba su labarin ranar da ƙasa ta rufta da lebura, ya buga wani ƙarfe. Mai kula da wuta, can a bakin rami, zai kashe komai. Daga nan sai Sha'aban. Zai fara daga ƙasa-ƙasa, ya ja, ya hau, ya kai inda ba kalma sai kuka. Idan mai wuta ya ji kukan ya kai ƙarshe, baƙi sun yi ihu, sai ya kunna. Kowa ya yi dariya, a yi hoto da fatalwa, a fita a sha lemo.

Akwai abin da bai taɓa faɗa wa ko Mamuna ba. Ranar farko da ya saki murya a cikin dutsen, ya ji ta tafi ta dawo masa da girma irin wanda lasifikar Alabar ba ta taɓa ba ta ba. Ya tsaya yana sauraron kansa har ya manta da baƙin. Aikin na Oktoba ne, amma Mista Adusei ya gano cewa fatalwa ba ta san wata ba, sai ya mayar da shi kowace Asabar, Oktoba ta zama babbar sallarta. Ma'aikatan wurin suka raɗa wa Sha'aban suna Papa Saman, wato baba fatalwa da harshensu. A Zongo kuwa abin da aka sani shi ne Malam Sha'aban yana da aikin Asabar a hanyar Bekwai. Mutane suka ɗauka gadi ne. Bai ce gadi ne ba, bai kuma ce ba gadi ba ne.

A shekara ta uku muryar Malam Zuberu ta tafi, kuma wannan karon ba mura ba ce. Likita ya ce ya huta, hutun da ba dawowa. Kwamitin masallaci ya zauna ƙarƙashin shugabansa Alhaji Munkaila, dillalin shanu, mutumin da ke duban ɗan Adam yadda yake duban bijimi, daga ƙafa zuwa haƙori, ba gaggawa. Mutum biyu ke neman wurin: Sha'aban, da wani matashi Fadil da ya dawo daga karatu a ƙasar Larabawa yana kiran salla kamar rediyo. Aka ce su riƙa karɓa-karɓa, a yanke ranar Lahadin ƙarshen Oktoba bayan la'asar. Dattawa sun fi karkata ga Sha'aban saboda daɗewa. Alhaji Munkaila dai abu ɗaya ya faɗa: wanda zai riƙa tashin unguwa da asuba, dole unguwa ta san inda yake wuni.

Ranar Juma'ar ƙarshe, bayan an sauko, Alhaji ya riƙe hannun Sha'aban a bakin ƙofa, bai saki ba.

"Malam, gobe ƙungiyarmu ta 'yan asalin Tawa za mu fita. Mota guda muka ɗauka. Lamba Huɗu za mu, ka san wurin?"

"Ina jin labarinsa."

"Mma, tsohuwata, ita ta matsa. Ka san babanta a can ya rage, tana goye. Ba a fito da shi ba, ba a yi masa salla ba. Ta ce kafin ta bi shi tana son ta ga wurin. Liman yana da ɗaurin aure. Ka zo ka yi mana addu'a a bakin ramin mana."

Sha'aban ya hango kansa yana saukowa daga motar ƙungiya da farar riga da carbi, mai yankan tikiti da mai sayar da lemo da mai raba huluna suna ɗaga hannu gaba ɗaya suna "Papa Saman!"

"Alhaji, gobe Asabar. Ina da aiki."

"Af, aikin Asabar." Alhaji ya dube shi daga ƙafa zuwa haƙori. "To, Allah ya taimaka. Mu haɗu Lahadi."

A gida Mamuna tana tace gasara ta saurari labarin ba tare da ta ɗago ba.

"Ka buga wa Batonen ka ce ba ka da lafiya."

"Lafiyata ƙalau."

"To ka ce ni ce ba lafiya."

"Ke ma ƙalau kike."

"Ikon Allah. Mutum yana shiga likkafani duk mako, amma ƙarya ce ba zai iya ba. To zauna a gida."

"In na zauna, Alhaji zai gan ni da safe a bakin titi, ya ce ashe ba aikin, shiga mota."

"To ka tafi wani wuri ka wuni. Ka je Manhyia ka zauna ƙarƙashin bishiya."

"In bar mutum da mota cike da baƙi, ba sanarwa? Ya kore ni Litinin, Lahadi kuma ba tabbas?"

Mamuna ta matse tsummar da ƙarfi. "Malam, duk Alabar babu wanda bai san muryarka ba. Har awaki."

Ya san haka. Ya lissafa wuraren da zai iya kasancewa gobe, ya ga duk cikinsu babu inda ya fi ɓoye shi kamar cikin yadin. Abin da ya rage shi ne ya yi aikin ba tare da muryarsa ba.

Ya isa da wuri ranar Asabar, ya sami Mista Adusei yana ƙirga huluna, ya ce masa yau sarƙa kawai zai girgiza, da ɗan nishi ta hanci.

"Sarƙa? Papa, sarƙa ko iska yana girgiza shi. Murya na ɗauka aiki."

"Mutanen unguwarmu ne."

"Yawwa! Sai su yi alfahari da kai."

"Ba irin wannan alfaharin muke yi ba."

Mista Adusei ya yi dariya, ya dafa kafaɗarsa, ya ce ya yi yadda ya ga dama muddin aka yi ihu. Bayan azahar aka shafa masa farar ƙasa, aka ƙulle shi, ya shiga.

Daga lungunsa yana jin komai kafin ya gani. Ruwa na ɗiga daga sama cikin rijiyar, ɗigon yana daɗewa kafin a ji saukarsa. Sai hayaniya ta taso daga bakin rami, inda ake karɓar wayoyin baƙi ana zubawa a kwando, domin a Oktoba ba a shiga da abin da ke haske. Ya ji wata Hajiya tana rantsuwa ba za ta ɗora hular kwano a kan ɗankwalin da ta ɓata safiya tana ɗaurawa ba. Ya gane muryarta. Ya gane ta mai gyaran rediyo, da ta mahaucin kusa da masallaci, da tarin Alhaji Munkaila. Turarensu ya riga su isowa, ya danne warin tsatsa da na jemagu. Bai taɓa jin ramin ya yi masa ƙunci irin na ranar ba. Gumi ya fara yanka hanya a cikin farar ƙasar da ke goshinsa.

Suka taru a bakin sarƙa, su wajen talatin. A gaba akwai Hajiya Rafi'atu, mahaifiyar Alhaji, ƙaramar tsohuwa da sanda, hular kwanon ta rufe mata har gira. Mista Adusei ya fara labarinsa: yadda ake saukar da lebura tun duhun safe, yadda ake caje su tsirara idan sun fito, yadda wata rana dutse ya yi ƙara sau ɗaya ya zauna a kan mutane.

"Yaro," Hajiya ta katse shi, "a ina ya zauna?"

"Nan gaba, Mma. Bayan wannan sarƙa."

Haka yake faɗa wa kowa. Babu wanda ya san ainihin wurin, amma baƙi sun fi son a nuna musu da yatsa.

Ya ɗaga ƙarfe ya buga. Wuta ta ɗauke.

Duhun cikin dutse ba irin na ɗaki ba ne, ido ba ya sabawa da shi. Wata mata ta ce "Wayyo," wani ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Sha'aban ya kama guntuwar sarƙar da ke hannunsa, ya rufe baki gam, ya tara iska a hanci. Kafin ya sake ta, sai muryar tsohuwar ta fito, siririya, a natse, kamar mai tsaye a ƙofar zaure.

"Assalamu alaikum, mutanen wannan wuri. Assalamu alaika, Baba Wahab. Rafi'atu ce. Na zo."

Babu wanda ya yi motsi. Sha'aban ya jira wani daga cikin su talatin ɗin ya amsa, domin idan ɗaya ya amsa ya ɗauke wa saura. Ba wanda ya amsa, kuma suna da gaskiya, ba su aka yi wa ba. An yi sallamar ne zuwa wannan ɓangaren sarƙa, kuma a wannan ɓangaren mai rai ɗaya ne. Ya cije leɓe. Ya gaya wa kansa cewa ba da shi ake ba, shi ma'aikaci ne a bakin aiki, gobe Lahadi. Ya ji tsohuwar ta ja numfashi, irin na wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa ya tabbata ba kowa. Tun da ya yi wayo bai taɓa barin sallama ta faɗi ƙasa a gabansa ba, kuma bakinsa bai nemi shawararsa ba.

"Wa alaikumus salamu wa rahmatullah."

A hankali ya faɗa, kusan raɗa. Amma ramin ya yi abin da ya saba yi wa muryarsa. Ya ɗauke ta, ya zurfafa ta, ya kewaya da ita, ya ajiye ta a kunnen kowa kamar daga ƙarƙashin ƙasa ta fito.

Da obroni ne da sun yi ihu, da an kunna wuta. Mutanen Zongo salati suka ɗauka, kowa da wanda ya zo bakinsa, suna ja da baya suna tattake juna, salati kuwa ba ya cikin abin da aka ce mai wuta ya saurara. Wani ya bangaje Mista Adusei, tocilar da ke hannunsa ta faɗi, aka ji tana gangarawa. Alhaji Munkaila yana cewa, "Ku tsaya, ku natsu, wasa ne, mutum ne!" amma muryarsa ba ta yi kama da ta wanda ya tabbata ba.

A ƙarƙashin duk wannan Sha'aban ya ji wani ƙaramin sauti da ba wanda ya ji. Babbar sarƙar ta yi ƙara, irin ta wanda ya ɗaga ta ya sunkuya. Sai sanda a kan tsakuwa. Sai takalmi yana ja.

"Baba," in ji tsohuwar, kuma muryar ta matso. "Baba, kana ina?"

Ba ta san da siririn gefen hagu ba. Tsakiya ta biyo, kai tsaye zuwa inda ta ji amsa, kuma tsakanin ta da amsar akwai katakan da shi kansa bai taɓa yarda ya ɗora musu ƙafa ba. Idan ya yi kukan fatalwa za a kunna wuta, amma sai kukan ya kai ƙarshe, kuma bai san abin da tsohuwa za ta yi ba idan mahaifinta ya amsa sallama sannan ya kurma ihu. Idan ya yi shiru, wataƙila ta tsaya da kanta. Har yanzu ba wanda ya ambaci sunansa. Sandar ta sake sauka, wannan karon ba a kan tsakuwa ba. Katako ne ya amsa.

"Hajiya, tsaya nan!" Ya saki muryar gaba ɗaya, wadda duk Alabar ta sani. "Kada ki ƙara taku! Ba babanki ba ne. Sha'aban ne!"

Salatin ya yanke kamar an rufe famfo.

"Wane Sha'aban?" in ji ta.

"Na masallaci. Na'ibin Malam Zuberu."

Ba ta gane ba.

"Mijin Mamuna mai koko, Hajiya. Akwai rijiya a gabanki. Don Allah ki tsaya yadda kike."

Ya jefar da sarƙar hannunsa, ya tattare yadin zuwa gwiwa, ya bi bango da tafin hannu yana magana ba tsayawa domin ta san inda yake, yana ce mata ga shi nan, saura kaɗan, kada ta juya, kada ta jingina da sandar. Katakon ya yi wata ƙara doguwa. Ya miƙa hannu cikin duhu ya sami gefen mayafinta, ya bi shi ya kama damtsenta, ya ja ta baya da ƙarfin da bai dace a ja tsohuwa da shi ba. Sandar ta kuɓuce. Sun ji ta bugi wani abu, ta sake bugun wani, daga nan ba su ƙara jin ta ba.

Mista Adusei ya kai bakin rami da lalube yana ihu da Tonanci, wuta ta dawo.

Abin da ƙungiyar 'yan asalin Tawa ta gani shi ne na'ibin ladaninsu tsaye cikin likkafani, ƙulli a ka, fuska fara fat in ban da layukan gumi, silifas ɗin roba a ƙafa, yana riƙe da hannun mahaifiyar shugaban kwamiti. Alhaji Munkaila ya tsallake sarƙa, ya karɓi uwarsa, ya duba ta sama da ƙasa, ya miƙa ta ga mata. Sannan ya juyo.

"Malam Sha'aban. Ashe rasuwa aka yi ba mu ji sanarwa ba. Wa ya yi maka wanka?"

Mahaucin ya fashe da dariya, shi kaɗai, ya haɗiye ta. Hajiya Rafi'atu ba ta yi godiya ba. Ta daɗe tana kallon fuskar Sha'aban daga ƙarƙashin hular kwano.

"Kai ka amsa?"

"Ni ne, Hajiya. Ki yafe mini."

"Na ɗauka ya ji ni," ta ce. Ta juya, mata biyu suka riƙe ta, suka nufi haske. Ranar ba a yi hoto da fatalwa ba.

Lahadi bayan la'asar kwamiti ya zauna a cikin masallaci, Sha'aban da Fadil suna gefe. Labari ya riga ya gama Alabar tun daren jiya, har an ƙara masa abin da bai faru ba. Wani dattijo ya ce amsa sallama wajibi ne, mutumin ya yi abin da ya kamata. Wani ya ce wajibi ne ga wanda aka yi wa, shi kuwa ba sunansa Wahab ba. Aka tambayi liman hukuncin mai rai da ya sa likkafani don neman abinci. Liman ya ce bai taɓa cin karo da mas'alar ba, zai duba. Aka ce ya ceci rai. Aka ce shi ya fara jefa ran cikin haɗari. Mai gyaran rediyo ya ce shi dai a ganinsa duk wanda ya iya tsayar da Hajiya Rafi'atu da murya kaɗai ya cancanci lasifika. Aka yi dariya. Da aka zagaya, dattawan sun rabu kusan biyu daidai, kowa ya juya ga Alhaji Munkaila, wanda bai ce komai ba tun da aka zauna.

"Malam, kana da magana?"

"Zan bar aikin, Alhaji. Daga yau."

"Wannan tsakaninka da Batonenka ne. Ni ban ga laifin mutum ya nemi abinci ba, ko da a cikin rami ne. Kuma abin da ka yi wa Mma, ni da zuriyata ba za mu manta ba." Ya gyara zama. "Amma jiya ba ta runtsa ba. Da asuba na shiga gaishe ta, na same ta zaune, ta ce mini har yanzu tana jin amsar. Ta san kai ne, ta gan ka da idonta, amma kunnenta bai yarda ba. To ka gaya mini, Malam. Kullum da asuba, cikin duhu, wannan muryar ta fito daga lasifika ta shiga ɗakinta. Wa za ta ji?"

Aka ba Fadil ladanci, aka roƙi Malam Sha'aban ya ci gaba da zama na'ibi saboda ƙwarewarsa a wannan matsayi, aka shafa fatiha.

Bai tafi gida ba. Ya zauna a sahun farko har rana ta faɗi. Fadil ya tashi, ya gyara hula, ya ƙwanƙwasa bakin lasifika da yatsa, ya fara kiran magariba. Muryarsa ba ta da laifi. Sha'aban ya riƙa maimaita kalmomin bayansa, ɗaya bayan ɗaya, yadda ake so duk mai sauraro ya yi. Bai san ya ɗaga murya ba sai da ya ji hannu a gwiwarsa. Alhaji Munkaila ne, ya sunkuyo kusa da kunnensa.

"Rage murya, Malam. Ɗakin Mma yana jikin bangon nan."